Kwalba ɗaya bayan tashi daga aiki: wai da gaske kaɗan ba ta illa?

Abban_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta hana ni barci kwana biyu, na ga gara in kawo ta nan tunda akwai ma'aikatan lafiya a cikinmu. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 29, yana aiki a wani kamfani a Sharaɗa. Ranar Asabar na ari motarsa zan kai iyali unguwa, na buɗe but zan sa kaya, sai ga kwalaben giya a cikin kwali. Da na tsare shi bai yi min musu ba. Ya ce kusan shekara biyu ke nan, kuma wai kwalba ɗaya tal yake sha idan an tashi daga aiki, bai taɓa buguwa ba, bai taɓa zagin kowa ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda ya zauna yana jero min hujjoji: wai Turawa sun yi bincike sun gano kaɗan tana gyara zuciya, tana wanke ƙoda, mai yawa ce take illa.

Hukuncin addini na san shi, shi ma ya sani, islamiyya ɗaya muka yi. Ta wannan ƙofar ya toshe kunnensa. Tambayata ita ce, a likitance, akwai wani ɗan adadi da mutum zai riƙa sha bai cutu ba? Don Allah wanda ya sani ya faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Ummu_Haidar:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya shirye shi, Ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

MalamNaGwale:
Wa alaikumus salam. Abban Kurna, ni ban ga wurin tambaya a nan ba. Hadisi ya zo ƙarara cewa abin da mai yawansa yake sa maye, to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Kuma da wani sahabi ya ce wa Manzon Allah (SAW) shi don magani yake haɗa ta, sai aka amsa masa da cewa ita ba magani ba ce, cuta ce. Yana cikin Sahihu Muslim. Ko likitocin duniya za su taru su ce tana da amfani, ayar Ma'ida ta riga ta rufe zancen.

Abban_Kurna:
Allah Ya gafarta Malam, wallahi duk na karanta masa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ya sani, Allah Mai gafara ne, zai daina. Amma na lura abin da yake kwantar masa da hankali shi ne wannan zancen na cewa jikinsa ba ya cutuwa. Shi nake so in rushe.

Likita_Tarauni:
Yaya Abba, sannu da ƙoƙari. Bari in ɗan tsawaita, a yi min haƙuri.

Maganar da ƙaninka ya ɗauko ba shi ya ƙirƙire ta ba. Ta yi tashe ne tun wajen 1991, lokacin da wani shirin talabijin a Amurka ya yayata cewa Faransawa suna cin maiƙo sosai amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba, wai saboda jar giyar inabi da suke sha. Akwai kuma bincike da dama na wancan zamanin da suka nuna kamar masu shan kaɗan sun fi waɗanda ba sa sha ko kaɗan tsawon rai. Daga baya aka gano inda gizo ke saƙar. A cikin rukunin "waɗanda ba sa sha" an cusa mutanen da dā mashaya ne, ciwo ne ya sa suka daina, da tsofaffi marasa lafiya da likita ya hana. To ka ga idan ka gwada mai shan kaɗan da wanda hantarsa ta riga ta lalace ya daina, dole mai shan kaɗan ya fito kamar shi ne mai lafiya. Da aka ware waɗannan, yawancin wancan "amfanin" sai ya ɓace. A 2019 an fitar da wani babban bincike da aka yi a Sin kan mutum wajen dubu 500, ya nuna hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suna ƙaruwa ne daidai da yadda shan yake ƙaruwa, babu wani mataki da giya ke ba da kariya daga shanyewar.

A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya. Babban dalilinta shi ne ciwon daji. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar ta sa barasa a rukuni na ɗaya na abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi, rukuni ɗaya da taba sigari. Aƙalla iri bakwai ne: na baki, na maƙogwaro, na akwatin murya, na bututun da abinci ke bi zuwa ciki, na hanta, na babban hanji, da na mama. Yadda abin yake, idan barasa ta shiga jiki hanta tana juya ta zuwa wani sinadari da ake kira asetaldehaid, shi kuma yana lalata ƙwayoyin halitta yana hana su gyara kansu. Wannan aikin ba ya jiran sai mutum ya bugu.

Sannan mu yi lissafin "kwalba ɗaya". Babbar kwalbar da ake sayarwa a ƙasar nan santilita 60 ce, ƙarfinta wajen kashi 5 cikin 100. Wato akwai zallar barasa kusan giram 24 a ciki. A mako giram 168 ke nan. A Ingila, inda shan giya al'ada ce, tun 2016 shawarar hukuma ita ce kada a wuce kwatankwacin giram 112 a mako. Kanada kuwa a 2023 masananta suka ce ƙaramin haɗari yana tsayawa ne a kofi biyu a mako, kusan babbar kwalba ɗaya a sati gaba ɗaya. Ko da ma'aunin waɗanda yake kafa hujja da su, ƙaninka ya wuce gona da iri.

Ummu_Haidar:
Allah Ya saka da alheri Likita. Wallahi ban taɓa sanin tana da alaƙa da ciwon daji ba, na ɗauka hanta kawai take ci.

Injiniya_Hotoro:
Likita, ina girmama bayaninka, amma akwai inda zan ja da kai. Ni ba na sha, ban taɓa sha ba. Amma na yi shekara shida a Jamus ina karatu, na zauna da tsofaffi 'yan shekara tamanin da ɗoriya waɗanda kullum sai sun sha kofi ɗaya da abincin dare, kuma suna hawa keke. Kalmar "babu adadin da ba shi da haɗari" gaskiya ce, amma hawa titin Kano zuwa Zariya ma babu adadin da ba shi da haɗari. Abin tambaya shi ne girman haɗarin. Ina tsoron kada Abba ya je ya ce wa yaron nan kwalba ɗaya za ta kashe shi, shi kuma ya buɗe waya ya ga ba haka abin yake ba, daga nan ya daina yarda da duk abin da yayansa zai faɗa. Yaran yanzu suna karatu. Idan za a yi masa nasiha a yi da gaskiya tsantsa.

ƊanFagge:
To fa. Injiniya kai kuma ɓangaren wa kake?

Injiniya_Hotoro:
Ɓangaren yaron nake, ɗan'uwa. So nake ya daina, shi ya sa ba na so a ba shi ƙofar da zai ƙaryata mu.

Likita_Tarauni:
Injiniya ya yi gaskiya, kuma na karɓa. Mai shan ɗaya ba daidai yake da mai shan shida ba, haɗarin yana hawa ne kamar matakala. Ban ce kwalba ɗaya za ta kwantar da shi bana ba. Abin da na ce shi ne zancen "tana gyara zuciya" ya faɗi, kuma babu likitan kirki da zai ce wa wanda ba ya sha ya fara don lafiya. Sinadarin da ake yabo a jar giyar inabi ma akwai shi a 'ya'yan inabin kansu, akwai shi a gyaɗa, ba sai an bi ta kwalba ba.

Amma Injiniya, tsofaffin da ka gani su ne waɗanda suka kai tamanin. Waɗanda ta ɗauke a hamsin ba za ka gan su a kan keke ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai mutum miliyan 2.6 suka mutu ta sanadin barasa, miliyan 2 daga ciki maza. Sannan mu nan muna da abin da Bajamushe ba shi da shi da yawa: ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi, akasarinsu ba su ma sani ba. Hantar da ƙwayar cuta ke ci a ɓoye, ka zo ka ɗora mata barasa kullum, wuta biyu ka haɗa mata. Yaya Abba, ƙaninka ya taɓa yin wannan gwajin?

Abban_Kurna:
Ban sani ba wallahi Likita. Amma ƙanin mahaifinmu ciwon hanta ne ajalinsa, shi kuwa ko sigari bai taɓa sha ba.

Likita_Tarauni:
To wannan kaɗai ya isa ku duka gidan ku je a gwada ku, har da kai.

NasRabi:
Ni zancen wanke ƙoda nake so in taɓa, don na gaji da jin sa. Abin da ke faruwa shi ne barasa tana danne sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, sai mutum ya yi ta fitsari, shi kuma ya ɗauka wanki ake yi. Ruwan jikinsa ne yake tsiyayewa. Ku auna wannan da zafin Kano na watan Afrilu. Kuma tana ɗaga hawan jini, hawan jini kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kai mutane wankin ƙoda na gaskiya, na inji.

Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin kwantar da maza a asibiti. Na ga masu kumburin ciki kamar mai juna biyu, ido ya yi rawaya, ƙafa ta kumbura, wani ya yi ta aman jini cikin dare. Abin da ke ci min rai shi ne 'yan uwa su ce sammu ne ko jifa, a yi wata uku ana jiƙe-jiƙe kafin a kawo shi. Idan likita ya tambaya ko yana sha, kowa ya rantse ba ya sha. Sai an watse matarsa ta biyo ni waje ta faɗa min a kunne. Don Allah ku riƙa faɗa wa likita gaskiya, ba Hisba ba ne, ba zai kai ƙarar kowa ba.

Bulus_NoMansLand:
Gaisuwa ga kowa. Ni Kirista ne, a Kano aka haife ni, a nan na girma. Yallaɓai Abba, ina taya ka jimami. Babanmu burkutu yake sha tun a ƙauye, da ya zo birni ya koma kwalba. Bai taɓa dukan mamanmu ba, bai taɓa fashin aiki ba, shi ma kullum cewa yake shi mai shan hankali ne. A wajenmu akwai masu cewa baƙar giya tana ƙara jini, har a haɗa ta da madara a ba mai jego ko wanda ya tashi daga ciwo. Da wannan zancen aka yi ta rarrashin kai. Yana da shekara 58 ya fara kasa haɗiye tuwo, sai kunu, daga baya ko ruwa da ƙyar. Ciwon daji ne a bututun abinci. Wata bakwai ya yi. Likitan ya ce mana giya da taba idan suka haɗu haɗarin ninkuwa yake, shi kuwa duka biyun yake yi.

Abu ɗaya nake roƙo: idan ana wannan zance a daina cewa "abin 'yan Sabon Gari ne". A cocinmu ba a yarda da shan giya ba, ni ban taɓa kai ta bakina ba. Kuma duk wanda ya san unguwar da daddare ya san masu zuwa daga ko'ina suke. Ciwon na kowa ne.

MalamNaGwale:
Malam Bulus, sannu da rashi, Allah Ya ba ku haƙuri. Maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, ba mu da bakin musu.

ƊanFagge:
Ni abin da ke ɗaure min kai, tun 2000 ake shari'a a Kano, Hisba na kama motoci tana fasa kwalabe, a 2022 ma an fasa kusan miliyan huɗu a lokaci guda. To ta ina take shigowa har yaro ɗan Kurna ya cika but da ita?

Sadiq_Dorayi:
Fasa kwalba ba ya fasa sha'awa. Ka tuna kodin. Bayan rahoton BBC na 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, shin shaye-shaye ya ƙare? Wasu suka koma tiramol, wasu suka koma 'yar leda, wato barasar da ake sayarwa a ƙaramar leda. Matsalar tana cikin zuciyar yaran da rashin aikin yi.

ƊanFagge:
Amma wannan ai yana da aiki, har da mota.

Sadiq_Dorayi:
Shi ya sa na ce zuciya. A tambaye shi me ke damunsa.

MaiKemis_ZooRoad:
Tunda an ambaci 'yar leda bari in sa baki. Ita ce ta fi ba ni tsoro fiye da kwalba, don ƙarfinta yakan kai kashi 40 cikin 100 ko kusa, ga arha, ga ta shiga aljihu ba wanda ya gani. NAFDAC ta fara aiwatar da haramcin ta da ƙananan robobi 'yan ƙasa da mililita 200 a Fabrairun 2024, aka yi ta ja-in-ja da masu kamfanoni. Akwai kuma waɗannan ruwan ɗacin da ake tallatawa da sunan maganin basir ko ƙarfin maza. Jama'a ku riƙa karanta jikin roba. Da yawa barasa ce zalla aka zuba wa saiwa, dattijo mai carbi zai saya bai san abin da yake sha ba.

Na biyu, haɗa ta da magani. Wanda ya sha da daddare ya tashi da ciwon kai ya watsa parasitamol huɗu, hanta ɗaya ce ke ɗaukar duka biyun. Filajil ba a haɗa shi da barasa. Tiramol ko maganin barci tare da ita kuwa numfashi suke dannewa, mutum ya kwanta ya ƙi tashi. Ga kuma ta gargajiya da ake dafawa a ɓoye: a 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai gubar metanol, wasu sai da suka makance kafin su cika.

Ɗalibar_BUK:
Don Allah tambaya, ba na so in kauce daga zancen. Fura ko kunun zaƙi da ya kwana ya yi tsami, shi ma akwai barasa a ciki? Kakata takan hana mu sha.

MaiKemis_ZooRoad:
Duk abin da ke da sukari ko hatsi idan ya daɗe a zafi yakan fara juyawa, ta haka ake yin burkutu da dawa. Tsamin kwana ɗaya yawanci irin na nono ne, abin da ke ciki bai kai ya sa maye ba. Amma idan ya yi kwanaki yana kumfa yana wari, zubar da shi. Kakarki ta san abin da take yi.

Admin_Zaure:
'Yan uwa a dawo kan tambayar Abban Kurna don Allah.

BawanAllah_77:
Na daɗe ina karantawa ina share hawaye, na rasa ko in yi magana. Ni na sha, shekara tara. Yau shekarata huɗu da wata biyu da dainawa, alhamdulillah.

Yaya Abba, kalmar da ƙaninka ya faɗa, "ban taɓa buguwa ba", ni ma da ita na yi ta kare kaina. Ba alamar lafiya ba ce, alama ce jiki ya fara sabawa. Na fara da ɗaya don in samu barci, lokacin kasuwa ta karye min bashi ya yi min katutu. Tana sa ka barci da wuri, gaskiya ne, amma ƙarfe uku na dare idonka zai buɗe tarwai, zuciya na bugawa, damuwar da ka gudu ta dawo ta ninka. Bayan wata shida ɗaya ba ta yi min komai, sai biyu. Ban san ranar da na koma biyar ba. Kuma duk wanda ya tambaye ni ɗaya nake cewa. Ba ina ce ƙaninka ƙarya yake ba, amma wanda ke shan ɗaya ba ya ajiye kwali a but.

Su Likita suna maganar hanta da daji, duk gaskiya ne. Ni abin da ta fara ci min ba hanta ba ce. Asuba ta fara ci, sai amanar matata, sai kunyar 'ya'yana. 'Yata tana da shekara shida ta ce min Abba bakinka yana warin asibiti. A ranar na yanke shawara, kuma na yi kuskuren dainawa kwatsam ni kaɗai a ɗaki. Kwana na biyu jikina ya ɗauki rawa, gumi, ina ganin abubuwa suna tafiya a bango, daga nan na faɗi ina farfaɗiya. Maƙocina ne ya kai ni asibiti. Don haka kada ku kulle shi a ɗaki, kada ku kai shi inda za a sa masa mari. A tafi wajen likita.

Ummu_Haidar:
Allahu Akbar. Allah Ya tabbatar da kai, ɗan'uwa. Ka sa ni kuka.

Likita_Tarauni:
BawanAllah, Allah Ya ƙara maka ƙarfi. Abin da ya same ka sananne ne: wanda jikinsa ya dogara da barasa idan ya tsaya kwatsam, rawar hannu kan fara cikin sa'o'i, farfaɗiya cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ruɗewa da gane-gane wajen kwana na biyu zuwa na uku, kuma yana iya kisa. Akwai magungunan da ake bayarwa a sauko da mutum a hankali, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Akwai sashen masu kula da wannan a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Zuwa can ba ya nufin mutum mahaukaci ne. Wanda da gaske ɗaya yake sha, galibi zai iya tsayawa ba tare da wannan ba, amma sai an san gaskiyar adadin.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Abba ɗana, ni tambayata daban ce. Mahaifiyarku ta sani? Kuma yana da aure?

Abban_Kurna:
Hajiya ba ta sani ba, tana da hawan jini, ina tsoron abin da zai biyo baya. Aure kuma an sa rana, bayan babbar salla.

Hajiya_Mai_Atamfa:
To ka bar mahaifiyarku tukuna. Amma yarinyar nan 'yar mutane ce, ba a yi mata adalci ba idan aka kai ta gidan da ba ta san abin da ke ciki ba. Ka ba shi wa'adi tsakaninku. In ya daina, Allah Ya rufa asiri. In ya ƙi, a ɗaga bikin. Na aurar da 'ya'ya biyar, na san abin da nake faɗa.

Sadiq_Dorayi:
Hajiya da girmamawa, wani auren ne ke gyara shi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ɗana, 'yar wani ba asibiti ba ce.

MalamNaGwale:
Na sake karanta abin da na rubuta da farko, na ga na yi gaggawa. Hukunci yana nan yadda yake, amma ita kanta giyar ba rana ɗaya aka haramta ta ba. Ayar Baƙara ta fara cewa zunubinta ya fi amfaninta girma, ta Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, sannan ta Ma'ida ta yanke. Kuma a Bukhari akwai sahabin da aka sha kawowa saboda sha, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa. Abba, kada ka tozarta shi, kada ka yanke masa zumunci. Ka riƙe shi kusa, ka bi shawarar Likita.

Ɗalibar_BUK:
Likita, da ka ce ciwon daji na mama, har ga mai shan kaɗan? Akwai ƙawayen da na sani a wajen biki suke ɗan kurɓa, suna cewa ai mai zaƙi ce ba ta da ƙarfi.

Likita_Tarauni:
Ƙanwata, na mama yana cikin waɗanda haɗarinsu ke fara hawa tun daga ƙaramin sha, kusan kashi 7 cikin 100 kan kowane giram 10 da ake sha kullum, don barasa tana ɗaga sinadarin mata a jini. Zaƙi kuma ɓoye ƙarfin kawai yake yi. Mai juna biyu kuwa babu zancen kaɗan sam, tana ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar jariri, kuma wannan illar ba ta gyaruwa.

Injiniya_Hotoro:
Har yanzu ina nan kan bakata cewa mai kurɓa sau biyu a shekara da mai sha kullum ba za a sa su a kwando ɗaya ba, kuma a riƙa faɗin haka. Amma lissafin giram 168 ɗin nan ban taɓa yin sa ba. Abba, da shi za ka fara, don lamba ce, ba zai ce wa'azi kake masa ba.

Abban_Kurna:
Jama'a na gode, Allah Ya bar zumunci. Jiya bayan isha na ɗauke shi muka zauna a mota, na miƙa masa wayar ya karanta da kansa tun daga sama. Da ya zo kan rubutun BawanAllah ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce ranakun aiki ɗaya ce, amma Juma'a da Asabar takan kai uku ko huɗu, kuma ya fi wata takwas bai yi kwana biyu a jere babu ita ba. Ya ce akwai bashin da ya ci don kayan lefe da ginin da yake yi, shi ke hana shi barci. Bai ce ya yarda da komai ba, har yanzu yana cewa abokan aikinsa sun fi shi sha kuma lafiyarsu ƙalau. Amma ya amince mu je asibiti ranar Litinin. Likita, me za mu ce a duba?

Likita_Tarauni:
Gwajin ciwon hanta nau'in B da C, gwajin aikin hanta, awon jini, sukari, in da hali hoton ciki. Ya faɗa wa likitan adadin gaskiya, har na Juma'a da Asabar. Ka sani ko sakamako ya fito lafiya ba shaidar cewa ba ta yi komai ba ne, hanta takan yi shiru har sai ta ci rabi. Labari mai daɗi shi ne matakin farko, wato kitse a hanta, yakan koma daidai cikin makonni idan aka daina. In ba shi da nau'in B a yi masa rigakafi, allura uku ce.

BawanAllah_77:
Yaya Abba, in yana so ya yi magana da wanda ya bi hanyar, ka turo min saƙo ta gefe. Kuma ku zauna kan maganar bashin nan, kada a bar ta.

Uwar_Biyu:
Ku yi haƙuri na shigo a makare, da sabon suna na shigo don kada a gane ni. Maigidana idan ya tashi da safe hannunsa rawa yake har ba ya iya riƙe kofin shayi, sai ya fita ya dawo sannan ya daidaita. Wata huɗu ke nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko mahaifiyata. Likita, ta ina zan fara?